MINSHARI BA ALAMAR DAƊIN BARCI BA NE: Jawabi ga matasan Tsanyawa kan ɗaukewar numfashi da na'urar Sipap

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a garin Tsanyawa bayan sallar La'asar, a kan cutar ɗaukewar numfashi cikin barci da yadda mai ita zai saba da na'urar da likita ke ɗora shi a kanta. An rage wasu wurare saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), mai jawabin ya fara ne da tambayar samarin da ke wurin ko a cikinsu akwai wanda bai taɓa kwana a zaure ko shago ɗaya da mai minshari ba. Ba a sami ko mutum ɗaya ba, sai dai dariya da ta kaure. Ya ce to dariyar nan ita ce farkon matsalar, domin mun ɗauki minshari abin tsokana, wasu ma suna cewa alamar gajiya ce ko daɗin barci, alhali a cikin masu yin sa akwai waɗanda shaƙe su ake yi tun daga kwanciya har Asuba.

Ya bayyana cewa idan mutum ya yi barci, naman bayan harshe da na ganda da na maƙogwaro yakan saki kamar yadda sauran jiki ke saki. A wajen mafi yawan mutane hanyar iska takan ɗan ƙuntata ne kawai. Amma a wajen wasu, musamman mai teɓa, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, ko wanda shekaru suka fara ja, hanyar takan manne gaba ɗaya kamar tiyon ban-ruwa da aka taka. Ƙirji yana ta ja, ciki yana ta motsi, amma iska ba ta shiga. “Shirun nan da kuke ji a tsakiyar minshari, har ku ce madalla ya yi shiru bari mu runtsa, to a lokacin nan ne ba ya numfashi,” in ji shi. Idan ƙwaƙwalwa ta ji iskar da ke cikin jini ta ragu sai ta zaburar da shi, ya yi wani irin gurnani, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma. Da gari ya waye ba ya tuna ko ɗaya.

Likitoci, a cewarsa, suna ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai sakan 10. Daga sau 5 zuwa 14 a awa guda ƙarama ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ya ce kowa ya yi lissafi da kansa: mai sau 30 a awa, in ya kwanta awa 6, sau 180 ke nan aka tashe shi a dare ɗaya. Ina barci a nan? Shi ya sa za ka ga bawan Allah ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini da saurin fushi, dare kuma yana ta zaryar fitsari. Shi ne mai gyangyaɗi a majalisa, shi ne wanda liman bai gama huɗubar farko ba kansa ya kife. Da yawa suna da hawan jinin da ake ta shan magani ya ƙi sauka.

A nan ya ɗan tsaya a kan direbobi. Ya ce hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa garin nan, kowa ya san irin gudun da ake yi a kanta daga Bichi har a shiga ƙasar Katsina, kuma binciken likitoci ya nuna cewa mai wannan cuta da ba a yi masa magani ba, haɗarin ya yi karo da mota ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyu. Direban da ke ɗura goro da shayi mai kauri don kada barci ya sace shi da rana tsaka, alhali ya kwana a gida, ya kamata a tambayi matarsa yadda yake kwana.

Ya kuma yi nuni da cewa abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet, ɓangaren cututtukan numfashi, a shekarar 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da cutar a duniya, miliyan 425 daga cikinsu tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita.

Abin takaici shi ne inda ake fara kai irin waɗannan mutane. Wanda ke farkawa a firgice yana haki, sai a ce dannau ne ko kuwa an yi masa ture. Wani kuma a kai shi wajen wanzami a cire masa beli. Mai jawabin ya ja kunne ƙwarai a kan wannan, ya ce yanke beli ba ya buɗe hanyar da ke mannewa can bayan harshe, sai dai ya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Wurin zuwa shi ne babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a nemi ganin likitan ƙirji ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Su ne za su duba, su faɗi inda za a yi gwajin barci, wanda ake liƙa wa mutum 'yan wayoyi a yatsa da hanci da ƙirji ya kwana da su a ga sau nawa numfashin ke tsayawa.

MECE CE SIPAP?

Da ya juyo kan na'urar, wadda likitoci ke kira Sipap, sai ya ce wani likita ne mai suna Colin Sullivan ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. Ya fara gwada ta a kan majiyyaci a 1980, aka buga sakamakon a 1981. Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Tana jan iskar ɗaki ta tace, ta turo ta cikin tiyo zuwa wani murfi da ake ɗaurawa a hanci, ko hanci da baki, ƙarfin iskar ya tokare maƙogwaro ya hana shi mannewa. Ana saita ƙarfin ne tsakanin lamba 4 da 20, gwargwadon abin da likita ya gani.

Ya nanata abu biyu. Na farko, ba iskar oksijin ba ce irin wadda ake sa wa wanda ke kwance rai a hannun Allah. Iskar ɗaki ce tsagwaronta, kuma mutum shi ke yin numfashinsa da kansa. Na biyu, ba ta warkarwa. Kamar tabarau take: daren da aka sa ta hanya a buɗe, daren da aka ajiye ta an koma gidan jiya.

To a nan ne, in ji shi, gizo ke saƙar. Samun na'urar wahala ne, kuɗin sabuwa yana iya kai na babur, amma abin da ya fi kayar da mutane shi ne kwanakin farko. Mutum ya yi shekara hamsin yana kwanciya fuskarsa a sake, dare ɗaya a ɗaura masa roba a hanci, iska tana huro shi. Wani zai ji kamar an toshe shi. Wani zai ji fitar da numfashi ya yi masa nauyi. Wani zai farka ƙarfe biyun dare ya tarar da murfin a ƙasa, bai san lokacin da ya fizge shi ba. Kwana uku sai a mayar da ita kwali a tura ƙarƙashin gado, a ce ba ta karɓe shi ba. Likitoci kuwa sun lura cewa yadda mutum ya yi da ita a makon farko, galibi haka zai ci gaba. Don haka makon nan ne ake buƙatar a tsaya a kansa.

Shawararsa ita ce kada a fara da dare. A fara da rana, yana zaune a kan tabarma, ya riƙe murfin da hannu a kan hancinsa ba tare da an ɗaure ba, yana sauraron rediyo ko ana hira. In ya natsu sai a ɗaura, a kunna, ya yi minti 20 ko 30 idonsa biyu. Bayan kwana biyu ya gwada ta a barcin ƙailula. Kafin a kai ga dare jiki ya gane ba abokiyar gaba ba ce. Yawancin na'urorin kuma suna da wani saiti da ke fara iskar a hankali, ta riƙa ƙaruwa cikin mintuna har barci ya ɗauke shi, da wani saitin da ke sassauta ta lokacin fitar da numfashi. A roƙi wanda ya saita ta ya nuna waɗannan. Amma ya gargaɗi samari masu son taɓe-taɓe, waɗanda ba wayar da ba su buɗe ba, da su bar lambar ƙarfin iskar yadda likita ya sa.

In ya farka ya ga ya cire, kada ya ce dare ya lalace. Ya mayar ya kwanta. Mizanin da ake amfani da shi a Amurka wajen cewa mutum yana amfani da na'urar shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, amma wannan mafi ƙaranci ne. Abin da ake so shi ne duk lokacin da zai yi barci, har da wanda ake komawa bayan Asuba, domin a ƙarshen dare ne ake yawan barcin mafarki, lokacin da nama ya fi saki.

BATUN GEMU DA HUNTURU

Daga nan ya taɓo abin da ya ce ya san yana zukatan 'yan'uwa, wato gemu. Murfin da ke rufe hanci da baki yana zama ne a kan haɓa, gashi kuma yana hana shi mannewa, iska ta riƙa tsiyaya tana hura ido tana fito. Sai mutum ya yi ta ƙara ɗaure maɗauri har karan hanci ya yi gyambo, tsiyayar kuwa ba ta daina ba. Ya ce ba sai an aske ba. Akwai irin da ake kira matashin hanci, 'yan robobi biyu masu taushi da ke zama a ƙofar hanci kawai, ba ruwansu da gemu. Akwai kuma mai rufe hanci shi kaɗai. A faɗa wa likita tun farko, kuma a gwada girma fiye da ɗaya, domin hanci ba ɗaya ba ne. Wanda bakinsa ke buɗewa cikin barci akwai maɗaurin haɓa. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa.

Sai hunturu. Ya ce waɗanda suka ƙera na'urar nan ba su san ƙurar da ke sauko mana daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ba, balle ta lokacin sussukar gero da casar wake. A bayanta akwai 'yar matata fara. A birnin Turai tana iya yin wata guda ko fiye, a nan kuwa a duba ta duk mako, da ta yi ja a sauya ta, ko a wanke in irin mai wankuwa ce. Kada a ajiye na'urar a ƙasa, a ɗora ta a kan ɗan benci, da rana a lulluɓe ta da ƙyalle. Iskar hunturu busasshiya ce, tana sa hanci ya bushe ya toshe, wani har haɓo. Maganin wannan shi ne ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar mai sa wa iskar laima. Ruwan da aka fi so shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, ana samunsa a manyan shagunan magani. In babu, a tafasa ruwa mai tsabta ya huce, a zubar da ragowar kullum da safe a ɗauraye tankin, domin ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dasashi. Ruwan batirin da ake saya wajen makanikai kuwa kada a kusance shi.

Ya ce al'adarmu ce in hanci ya bushe a shafa basilin. Mai na'ura ya bari, domin man yana lalata robar murfin. A nemi ruwan gishirin hanci a kemis. Murfin kuma a wanke shi kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, tiyon a wanke duk mako a rataye a inuwa. Wanda ke tashi da kumburin ciki da gyatsa, iska ce yake haɗiya. Ya ɗan ɗaga kai da matashi, in bai daina ba ya koma wa likita a duba ƙarfin. Kwanciya a gefe, irin wadda aka koya mana tun muna Islamiyya, tana taimakawa sosai, domin rigingine ne ke sa harshe ya faɗa baya.

Wani abin da ya ce a riƙe da kyau: duk abin da ke cikin iskar ɗaki, na'urar za ta tattaro ta kai hanci. Igiyar leƙo, turaren wuta, kaskon garwashi na jin ɗumi, duk a fitar da su kafin a kunna. Sauro kuma gidan sauro ya ishe shi, tiyon yana bi ta ƙarƙashinsa.

WUTA

Nan ma aka yi dariya, domin kowa ya san yadda wutar KEDCO take a ƙauyukanmu, inda ma aka ja ta. Ya ce na'urar ba ta da ci. Ba ta kai fankar sama ba in aka kashe abin ɗumama ruwan, shi ne mai shan wuta. Faifan sola da batiri mai kyau suna iya kwana da ita, kuma wasu na'urorin suna da wayar da ke haɗa su da batiri kai tsaye, wadda ta fi bi ta inbata tattalin caji. A kai wa mai haɗa sola takardar na'urar ya karanta abin da take buƙata, kada a yi ta ido. In wuta ta ɗauke cikin dare ba mutuwa za a yi ba, murfin yana da ƙofofin fitar iska, mutum zai farka ya cire. Janareta kuwa, ya ce wallahi kada a sa shi a ɗaki ko a soro ko a gindin taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kashewa cikin barci.

A kan na gwanjo, ya ce ya san talauci ne ke kai mutane, amma a yi hattara. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiran a dawo da miliyoyin na'urorinsa, har da samfurin DreamStation na farko, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya ruɓewa ya zama gari mutum ya shaƙa, kuma zafi da laima suna gaggauta ruɓewar. Ƙasa mai zafi irin tamu ba sai an faɗa ba. Duk wanda aka kawo wa ta hannu ya kai wa likita ya duba samfurinta, ya kuma sayi sabon murfi da sabon tiyo.

Bai ɓoye wa masu sauraro iyakar amfaninta ba. Ya ce abin da aka tabbatar shi ne tana kawar da minshari da gyangyaɗin rana, tana rage haɗarin tuƙi, tana ɗan sauke hawan jini. Amma wani babban gwaji da aka buga a 2016, wanda aka yi a kan mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, bai nuna ta rage sake aukuwar waɗannan ba, ko da yake mutanen awa 3 da 'yan mintuna kawai suke sa ta a dare. Saboda haka kada wanda ya sami na'ura ya watsar da maganin hawan jininsa. Rage teɓa kuma yana rage cutar ƙwarai. Ya ƙara da jan kunnen matasa a kan ƙwayoyin sa barci da tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi da shigo da irinsa a watan Mayun 2018, ya ce waɗannan suna danne numfashi, mai wannan cuta in ya sha su yana iya kwanciya ya ƙi tashi.

AIKIN SAMARI

Ya ce ya san mafi yawan waɗanda ke gabansa ba su kai shekarun cutar ba, amma iyayensu da kawunnansu da yayyensu sun kai. Magidanci Bahaushe zai jure ciwo, amma ba zai jure a gan shi da abin da yara za su kira takunkumi ba. Kalma ɗaya ta tsokana daga aboki ko surukin wasa ta isa ta sa a naɗe tiyo har abada. Saboda haka wanda ya iya karatu ya karanta wa Baba abin da allon na'urar ke nunawa da safe, awa nawa ya yi da ita, iska ta tsiyaya ko ba ta tsiyaya ba, ya rubuta a littafi a kai wa likita. Wani ya ɗauki wankin murfi, wani cajin batiri. Kuma a yi wa iyaye mata bayani, domin su ne ke ɗakin, su ne suka daɗe suna zungurar maigida cikin dare don su ji ko da sauran rai.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya miƙe ya ce, “Malam, mahaifina yana da duk alamomin nan, amma ni ba zan iya duban idonsa in ce masa yana minshari ba. Yaya zan yi?” Mai jawabin ya ce ai ba a ce ka faɗa masa ba, kunya adonka ce. Ka sami amininsa ko ƙaninsa, Baffanka ke nan, ko limamin unguwa, ka yi musu bayani a keɓe. Kuma kada a shiga ta ƙofar minshari, a shiga ta ƙofar hawan jini da ciwon kan safe, waɗannan ba wanda ke jin nauyin kai su asibiti.

Wani ya tambaya ko ana iya tafiya da ita I'itikafi ko aikin Hajji. Ya amsa da cewa ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba kuma tana da jakarta, kamfanonin jiragen sama suna ɗaukarta a matsayin kayan jinya, sai dai a riƙe takardar likita, a tafi da kan soket mai dacewa da kuma matata ta sauyi. Ya ce makwabtansa na shimfiɗa ma sai sun fi kowa yi masa addu'a.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan acaɓa ce, wanda ya ce shi siriri ne amma abokan kwanansa sun kore shi daga shago saboda minshari. Mai jawabin ya ce rama ba ta hana cutar, kamar yadda ba kowane minshari ne ɗaukewar numfashi ba. Toshewar hanci ko kumburin maƙogwaro ma suna sa shi. Ya ce ya roƙi ɗaya daga cikin waɗanda suka kore shi ya yi haƙuri da dare ɗaya, ya zauna da waya ya ɗauki sautin barcinsa na minti 30, ya ƙirga shirun da ya wuce sakan 10, su tafi da shi asibiti tare.

Daga nan aka yi addu'a, aka tashi gab da kiran Magariba.